Baƙin Hunturu da Dajin da Aka Haife Su

  

An nemi in yi magana a kan tsuntsaye masu ƙaura, da kuma kiyaye dazuzzukan arewacin duniya inda suke yin sheƙa su ƙyanƙyashe 'ya'yansu, kuma na san ba a rasa mai cewa a ransa, ina ruwan mutumin Haɗeja ko na Damagaram da wani daji na ƙasar ƙanƙara wanda bai taɓa gani ba, kuma mai yiwuwa ba zai taɓa takawa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Tambaya ce ta masu hankali, amsarta kuwa tana nan a bakin fadamunmu tun daga watan Oktoba har zuwa Maris, tana caccakar taɓo da baki, sai dai sabo ya sa mun daina tambayar inda ta fito.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga sha'anin ƙaurar tsuntsu, domin duk wanda ya tashi a karkara ya san shamuwa, ya san idan ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gari to lokacin sharar gona ya ƙure, ya kuma san ba a jifarta, ba a taɓa sheƙarta. A wajenmu ake haihuwar shamuwa, idan kaka ta yi sai ta tattara 'ya'yanta ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda take zaman baƙunta. To, a daidai lokacin da take ban kwana da mu, a nan ne waɗansu jama'a na tsuntsaye suke sallama, waɗanda al'amarinsu akasin nata ne: can arewa mai nisa aka haife su, nan kuwa cin rani ya kawo su. Akwai agwagin ruwa ƙanana masu sauka dubu-dubu a Nguru da Baturiya da Tafkin Cadi, akwai masu dogayen ƙafafu da ke bin gefen gonakin shinkafa, akwai shahon nan mai kamun kifi, akwai kuma ƙananan tsuntsayen kan bagaruwa da farar ƙaya waɗanda mai wucewa ba ya ko ɗaga kai ya dube su. Wani ƙiyasi da masana suka buga a shekarar 2009 ya nuna cewa ƙananan tsuntsaye kaɗai, masu tasowa daga Turai su ƙetare Sahara a kowace kaka, sun kai biliyan 2 da ɗoriya.

Mutanen Turai sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke shiga ba idan sanyi ya kama. Aristo, duk da zurfin iliminsa, ya zaci waɗansu ɓuya suke yi a ramuka har bazara, waɗansu kuma rikiɗa suke yi su zama wani jinsi. Sai a shekarar 1822 aka harbo wani farin tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus, aka same shi da mashi irin na Afirka soke a wuyansa, ya yi tafiyar dubban mil da shi, kuma har yau gawarsa tana ajiye a jami'ar Rostok. A 1899 wani malamin makaranta a Danmak, mai suna Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zoben alminiyum mai lamba a ƙafa, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa ya aiko da labari. Daga wannan 'yar dabara aka zana taswirar hanyoyinsu, kafin zamaninmu ya zo da na'urorin da ake ɗaura musu a baya.

Dajin da muke magana a kansa, wanda Rashawa ke kira taiga, ya yi wa duniya rawani ta arewa: ya faro daga Norwe da Suwidin da Finlan, ya ratsa Rasha tun daga yammacinta har gaɓar tekun Fasifik, ya tsallaka Alaska, ya shimfiɗu a Kanada har bakin Atilantika, kuma kusan sulusin dukan dazuzzukan duniya a cikinsa yake. Itatuwansa jinsi kaɗan ne, galibinsu masu siraran ganye kamar allura waɗanda ba sa kaɗewa da sanyi, tsakaninsu kuwa tafkuna ne da dausayi da taɓon ruɓaɓɓen ganye wanda ya yi dubban shekaru yana taruwa. Rabin shekara ko fiye ƙanƙara ce ke rufe shi, ba ka jin motsin kome sai 'yan halittu ƙalilan masu jure wa sanyi. Amma idan watan Mayu ya kama, ƙanƙara ta narke, rana ta tsawaita har ta kai sa'a 18 ko 20 ba ta faɗi ba, a can ƙuryar arewa ma ta ƙi faɗuwa sam, sai ƙwari da sauro da tsutsotsin ganye su ɓarke da yawan da hankali ba ya iya ƙididdigewa. Wannan yalwar abinci, haɗe da tsawon yini da ke ba uwa da uba damar ciyar da 'ya'ya kusan ba hutu, ita ce hikimar da ke sa tsuntsu ya sayar da ransa a kan hamada da teku domin ya isa can.

Ku dubi ɗaya daga cikinsu da kyau, wadda Turawan Ingila ke kira wilo-wabla, 'yar tsuntsuwa mai launin ganye-ganye da ƙasa-ƙasa, wadda nauyinta bai wuce giram 9 ba, wato goro ɗaya matsakaici ya fi ta nauyi, kuma tana cikin tsuntsayen da suka fi yawa a Suwidin da Finlan. Idan ta isa, a ƙasa take yin sheƙa, cikin ciyawa a gindin ɗan tsiro, ta saƙa ta da busasshen haki ta yi mata rufi da ƙofa a gefe, ta shimfiɗe cikinta da gashin tsuntsaye, ta saka ƙwai shida ko bakwai, ta kwanta a kansu kimanin mako biyu, ta yi wani mako biyun tana kai da kawowa da tsutsa a baki, kafin 'ya'yan su fita. Ba a kai ƙarshen Agusta ba sun kama hanya, kuma abin da ya fi ba ni mamaki, ya kuma ƙara mini imani, shi ne ɗan da aka ƙyanƙyashe bana ba ya bin uwarsa: shi kaɗai yake tashi da dare, da ilhamar da Ubangiji ya kimsa masa, yana shiryuwa da taurari da maganaɗisun ƙasa, har ya sauka a Afirkan da bai taɓa gani ba. Waɗanda aka haifa a kudancin Suwidin Afirka ta Yamma suke nufa, na arewacinta kuwa su karkata gabas da kudu. Ba banza ba Alƙur'ani mai girma, a Suratul An'am, ya ambaci tsuntsaye da cewa al'ummomi ne irinmu, ya kuma ja hankalinmu gare su a Suratun Nahl da Suratul Mulk.

Komawar ma da guzurinmu ake yinta. A shekarun 1960 waɗansu masana daga Ingila sun zauna a Malamfatori, bakin Tafkin Cadi, suna kama ƙananan tsuntsaye da raga a ƙarshen rani suna auna su, suka ga yadda suke tara kitse cikin 'yan makonni, waɗansu har su kusa ninka nauyinsu, domin kitsen nan shi ne abincinsu da ruwansu a tsallaken hamadar da ta kusa kilomita 2,000. Daga cikin abin da suke ci kuwa har da 'ya'yan itacen arak, wato itacen asuwakin da muke goge baki da saiwarsa bisa sunna.

A ɗaya ɓangaren duniya, dajin Kanada da Alaska yana da nasa jama'ar, waɗanda ba sa zuwa wajenmu, kudancin nahiyarsu suke nufa. An ƙiyasta cewa tsuntsaye biliyan 1 zuwa 3, daga jinsi fiye da 300, suke shiga wannan daji a kowace bazara, su fito da kaka su da 'ya'yansu sun kai biliyan 3 zuwa 5. A cikinsu akwai wata mai baƙin kai, mai nauyin giram 12, wadda bincike ya tabbatar a 2015 cewa takan tashi daga gaɓar arewa maso gabas ta faɗa kan Atilantika, ta yi kwana biyu ko uku tana kaɗa fiffike ba ci ba sha ba wurin sauka, kimanin kilomita 2,500, kafin ta taka tsibiran Karebiyan ta zarce Amurka ta Kudu.

Yanzu ga matsalar. A shekarar 2019 mujallar Science ta buga wani nazari da ya nuna cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970, kuma daga cikinsu kimanin miliyan 500 'yan wannan daji ne, wato sulusin abin da ke cikinsa ya tafi a tsawon rayuwar da yawa daga cikinmu. Dalilan suna da yawa, waɗansu a hanya, waɗansu a masauki, amma na gidan haihuwa su ne abin dubawarmu.

Na farko saran katako ne, kuma a nan wajibi ne mu yi adalci, domin mutanen Suwidin da Finlan za su ce, da gaskiyarsu kuwa, itacen da ke tsaye a ƙasarsu yau ya fi na shekara ɗari da ta wuce yawa, kuma doka ta tilasta wa wanda ya sare ya mayar. Sai dai wanda ya share fili tas da injin, ya dasa jinsi ɗaya layi-layi, ya dawo bayan shekara 70 ko 80 ya sake sharewa, gonar katako ya yi, kuma a gonar katako babu tsohon itace mai kogo, babu kututturen da ya mutu a tsaye ƙwari suka cinye cikinsa, alhali akwai tsuntsayen da ba sa saka ƙwai sai a kogo, kamar 'yar jan-wutsiyar nan da ke cin raninta a kan itatuwan ƙayarmu. Gaskiya ne akwai jinsin da sabon tsiro ya fi yi musu daɗi, amma masu bukatar tsohon daji ba su da inda za su koma, kuma taswira za ta ci gaba da nuna wurin kore shar, mai duba ta daga ofis ya ce lafiya lau. Ƙari a kan haka, idan aka yi saran a watan Yuni, sheƙa da ƙwai da 'yan tsaki duk suna tafiya ƙarƙashin injin ba wanda ya ƙirga su. Wani kaso na wannan itace kuwa ba rufin gida ake yi da shi ba, niƙa shi ake yi a mai da shi takardar da ake shafawa sau ɗaya a jefar, kuma ban san sunan da malamanmu za su ba wannan ba in ba israfi ba.

Na biyu tsane dausayi ne. Finlan ta haƙa magudanai ta tsotse fiye da rabin dausayinta, galibi a rabi na biyu na ƙarnin da ya wuce, domin itace ya tsiro a wurin. A irin wannan dausayi ne tsuntsun nan raf yake aure, wanda mu muke gani garke-garke a gonakin shinkafar Haɗeja da launin toka ba ado, alhali a can namijinsa yakan fitar da wani tulin gashi mai launi-launi a wuya da ka, maza su taru a dandali ɗaya suna tsalle da kokawa, mata suna zaɓe. Yau ya ragu ƙwarai a Finlan. Ga kuma haƙar ma'adinai da man fetur: a watan Afrilun 2008 agwagi kimanin 1,600 suka sauka a tafkin dagwalon wani kamfanin mai a lardin Albata na Kanada, suna zaton ruwa ne, suka mutu, kotu ta ci kamfanin tarar dala miliyan 3 ta Kanada.

Na uku ɗumamar yanayi, wadda ta fi sauri a arewa. Gobara ba baƙuwa ba ce ga wannan daji, da ita yake sabunta kansa tun fil azal, har akwai itacen da irinsa ba ya buɗewa sai wuta ta gasa shi. Amma a 2023 kimanin hekta miliyan 15 suka ƙone a Kanada cikin shekara guda, kuma da yawa a tsakiyar lokacin sheƙa. Akwai wata ɓarnar da ta fi wannan ɓoyuwa. Tsuntsun da ke zaune a Nijeriya ba shi da labarin cewa bazara ta yi sammako a Turai, da lissafinsa na da yake tashi, sai ya isa ya tarar tsutsar da zai ciyar da 'ya'yansa ta riga ta wuce. A Holan an nuna a 2006 cewa wata mai kamun ƙuda, baƙa da fari, wadda ke cin rani a Afirka ta Yamma, ta ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari a dazuzzukan da tsutsa ta fi yin sammako.

Ina roƙon ku riƙe mini abu ɗaya daga wannan lacca, domin shi ne ya bambanta kiyaye gidan haihuwa da kiyaye masauki. A wajenmu tsuntsayen ruwa taruwa suke yi, saboda haka ɗan wuri kamar Dagona a ƙasar Bade, idan aka tsare shi da gaske, yana iya ɗaukar dubbai. A arewa kuwa warwatsuwa suke yi, kowane miji da mata da nasu yanki wanda namiji ke tsarewa da kuka, ba ya yarda wani ya shigo, ta yadda babu wani tudu ko tafki guda da za a kewaye a ce an tsirar da jinsi. Abin da ke tsirar da su faɗin ƙasa ne, faɗin da ba a daddatsa shi da hanyoyi da bututu ba. Hujjata ita ce ƙissar farin gaurakan Amurka. A 1941 garkensa na ƙarshe mai ƙaura bai kai tsuntsu 20 ba, ana ganinsu da hunturu a gaɓar Teksas, ba wanda ya san inda suke haihuwa, sai a 1954 waɗansu ma'aikata da ke dawowa daga wajen gobarar daji a jirgi mai saukar ungulu suka hango su da ɗansu a cikin gandun Wud Bafalo na Kanada, gandun da aka keɓe tun 1922 saboda ɓaunar daji, mai faɗin da ya kusa na Jihar Yobe. An keɓe ƙasa mai yawa domin wata halitta, sai ta rufa wa wata asiri ba da sanin kowa ba, kuma yau garken ya haura 500.

Kan wannan fahimta ne masana 1,500 suka rubuta wa hukumomin Kanada a 2007 suna neman a bar aƙalla rabin dajin ba a taɓa ba, kuma a taron Mantiriyal na Disambar 2022 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da ruwa kafin 2030. Yarjejeniya ba sabon abu ba ce a wannan fage: bayan kurciyar nan mai ƙaura, wadda a da garkenta ke rufe rana a Amurka, ta ƙare ƙaf da mutuwar ta ƙarshe a gidan namun dajin Sinsinati a 1914, Amurka da Ingila a madadin Kanada suka ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura a 1916, sannan aka yi ta Ramsar a Iran a 1971 kan dausayi, da ta Bon a 1979. Amma takarda ba ta tsaron daji, kuma a ganina abin da ya fi ba da fata shi ne yadda 'yan asalin ƙasar suka karɓi ragamar. A 2019 mutanen Dene na Lutsel Ke suka cim ma yarjejeniya da gwamnati aka keɓe yankin Taidene Nene, fiye da murabba'in kilomita 26,000, ya ɗara Jihar Kano faɗi, kuma 'ya'yansu ne ke sintiri a cikinsa, suna farautarsu da kamun kifinsu kamar yadda kakanninsu suka yi, an dai hana haƙa da sara na kasuwa. Ɗalibin fiƙihu zai gane wannan nan take, domin babin hima ne: Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, asalin hukuncin kuwa shi ne shugaba yana da ikon hana ɗaiɗaikun mutane mallake wata ƙasa saboda maslahar jama'a, kuma a kan irin wannan tunani garuruwanmu suka yi hurumi da burtali.

Kada kuwa mu tashi daga nan muna ganin laifin duk na masu injin ne. A bazarar 1969 mutanen Ingila suka wayi gari wata 'yar tsuntsuwarsu mai farin maƙogwaro, mai sheƙa a shingen gonaki, fiye da kashi biyu cikin uku nata ba su dawo ba, da aka bi sawu sai aka tarar farin da ya fara kama yankinmu na Sahel ne ya cinye su. Abin da fari ya yi da ƙaddara, hannunmu yana iya yinsa da ganganci. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, lokacinta ya sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, abin da ya cuci masunci da manomin shinkafa da makiyayi tun kafin ya cuci tsuntsu. Ga gatarin masu gawayi yana cin itatuwan ƙayar da ƙananan baƙin ke kiwo a kansu. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sanya a rajistar Ramsar, a shekarar 2000, saboda haka alkawari ne a wuyanmu, kuma cika shi yana nufin a riƙa sakin ruwan madatsun nan bisa lissafin damina, a taimaki mutanen ƙauyuka su buɗe magudanan da kacalla ta cinye, a kuma bar itacen arak da bagaruwa a gefen gona.

Ga ɗalibai kuma akwai aiki a kusa. A kowane watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa lokaci guda, har da fadamunmu, kuma ana bukatar masu ido da haƙuri waɗanda suka san wurin suka kuma ji harshen mutanensa. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos tana horar da irinsu. Idan kuma maharbi ko masunci ya kawo muku tsuntsu da zobe a ƙafa, kada ku tsorata shi da maganar hukuma, kada kuma a jefar da zoben ko a ba yara su yi wasa da shi: ku kwafe lambar da sunan garin da ke rubuce a jiki harafi da harafi, ku rubuta ranar da wurin da aka same shi, ku miƙa wa jami'an gandun daji ko masanan Jos, su za su aika wa ƙasar da ta sanya shi.